Tsibirin Blasket da Marubutansa

A can gaɓar yammacin ƙasar Ayalan, inda nahiyar Turai ta ƙare Tekun Atlantika ya soma, akwai waɗansu 'yan tsibirai guda shida waɗanda ake kira Blasket. Babban cikinsu tsawonsa bai wuce mil huɗu ba, faɗinsa kuwa kimanin rabin mil ne. Dogon tudu ne guda ɗaya wanda ya taso daga cikin ruwa kamar gadon bayan kifi, ba itace ko ɗaya a kansa, sai ciyawa da duwatsu. Ba wanda ke zaman dindindin a cikinsa yanzu, domin tun watan Nuwamba na shekarar 1953 gwamnati ta kwashe mutum 22 ɗin da suka rage, ta tsugunar da su a tsallaken ruwa. Ko a lokacin da tsibirin ya fi cika, wato wajen shekarar 1916, jama'arsa ba ta kai mutum 180 ba. To amma daga cikin wannan 'yar jama'a ta masunta, wadda ba ta da likita, ba ta da limamin coci, ba ta da ko kanti, aka sami littattafai uku tsakanin 1929 da 1936 waɗanda har yau ake lissafa su cikin manyan rubuce-rubucen zube na harshen ƙasar. Abin da ya kamata ɗalibin adabi ya tambaya shi ne, yaya aka yi haka ta faru, kuma idan ya buɗe ɗaya daga cikin littattafan nan, muryar wa yake ji?

Kafin a amsa, wajibi ne a san halin da harshen yake ciki a wancan zamani. Mutanen Ayalan suna da harshensu na gado, wato Gelik, wanda ya daɗe da samun rubutu tun kafin Ingilishi ya shiga ƙasar. Mulkin Ingila na ɗaruruwan shekaru ya mayar da shi harshen talakawan karkara. Makarantun gwamnati da aka kafa a 1831 da Ingilishi suke koyarwa. Daga nan kuma sai babbar yunwa ta auku a 1845, sa'ad da cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin da talakawa suka dogara a kai, har kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, galibinsu kuwa masu magana da Gelik ne. Ƙidayar 1851 ta sami masu jin harshen wajen miliyan ɗaya da rabi. Ta 1891 ta same su ba su kai 700,000 ba. Wannan ne ya sa wasu masu kishi suka kafa ƙungiyar farfaɗo da harshen a 1893, suka shiga neman wuraren da ake magana da shi tsantsa, ba gauraye. Irin waɗannan wurare kuwa duk lunguna ne da talauci da wuyar hanya suka kare su daga Ingilishi, kuma ba lungun da ya kai Blasket.

Mashigin ruwan da ya raba tsibirin da ƙauyen Dún Chaoin bai wuce mil uku ba, amma mugun ruwa ne. A cikinsa wani jirgin yaƙin Sifen ya nutse a 1588. Mutanen tsibirin suna ƙetare shi da wani irin kwalekwale marar nauyi, wanda ake ƙera shi da tsirarun katakai a lulluɓe da tamfol a shafe da kwalta. Da shi suke kamun kifi, da shi suke zuwa coci ran Lahadi in ruwa ya kwanta, da shi suke ɗauko ungozoma ko kai gawa makabarta. In iskar hunturu ta taso, sai a yi mako biyu ko uku ba shiga ba fita. Suna noma dankali a 'yan gonakin da suke yi wa taki da ciyawar teku, suna kiwon tumaki, suna kama zomaye da tsuntsayen teku, wutar girki kuwa da wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun ciyayi suke hura ta, wadda ake yankowa a shanya. A irin wannan wuri, inda rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi a tsakiyar hunturu, ba abin da mutane ke da shi na ɗebe kewa sai baki. Akan taru a gida ɗaya a gindin murhu, ana gyaran koma ana tatsuniya, ana labarun jarumai da na aljannu da na waɗanda ruwa ya ci. Wanda ya iya magana yana da daraja, wanda ya iya waƙa kuwa ana shakkarsa, kamar yadda ake shakkar bakin maroƙi. Saboda haka adabin baka na tsibirin cikakke ne tun kafin a sa masa alƙalami.

Alƙalamin daga waje ya zo. Marubucin wasan kwaikwayo John Synge ya ziyarci tsibirin a 1905. A 1907 wani masanin harsuna ɗan ƙasar Norwe mai suna Carl Marstrander ya sauka, ya yi watanni yana koyon Gelik. Shi ne ya turo ɗalibinsa Robin Flower, Baturen Ingila mai kula da tsofaffin rubuce-rubuce a gidan ajiye kayan tarihi na Landan, wanda ya fara zuwa a 1910 kuma ya yi ta komowa har tsufansa. Bayan mutuwarsa a 1946 a kan tudun tsibirin aka watsa tokar gawarsa. Abin lura a nan shi ne, waɗannan manyan masana sun zo ne a matsayin almajirai. Masunci da aka saba raina shi a kasuwar garin Dingle saboda Ingilishinsa bai nuna ba, sai ga shi zaune yana gyara wa mai digiri kuskure. Wannan ya sauya yadda mutanen tsibirin ke duban harshensu da rayuwarsu.

Malamin da aka haɗa Marstrander da Flower da shi sunansa Tomás Ó Criomhthain. An haife shi wajen 1855, ya ɗan taɓa makaranta jefi-jefi yana yaro, inda aka koya masa karatun Ingilishi kaɗai. Bai iya rubuta harshen da ya tsotsa a nono ba sai da ya kai shekara arba'in, sa'ad da ya riƙa duba littattafan 'yan makaranta a gidan danginsa a Dún Chaoin in iska ta tsare shi a can. Ya ba da labarin yadda tun yana saurayi wani tsohon mawaƙin tsibirin ya tare shi yana tsakiyar yankan ƙasar wuta, ya zaunar da shi ya yi ta rera masa waƙa, shi kuwa don tsoron zambo bai iya tashi ba, har ya ƙare da rubuta waƙar da fensir ta hanyar aron haruffan Ingilishi. Ran nan aikinsa ya tafi a banza, amma waƙar ta tsira. Wannan ɗan labari ya ƙunshi tarihin adabin tsibirin gaba ɗaya, wato mai baki yana neman mai alƙalami tun kafin ƙasa ta rufe masa ido.

Duk da haka Tomás bai yi tunanin rayuwarsa ta isa a mai da ita littafi ba, sai da wani baƙo daga garin Killarney mai suna Brian Ó Ceallaigh ya zo a 1917. Shi ne ya karanta masa littafin Pierre Loti na Faransa a kan masunta, da labarin ƙuruciyar Maxim Gorki na Rasha, don ya nuna masa cewa talaka ma yana da labari. Da zai tafi ya bar masa takardu da tawada. Tomás ya shiga rubuta abin da ya gani da abin da ya ji kowace rana, yana aikawa ta gidan waya, shafi kaɗan-kaɗan, har tsawon shekara biyar. Daga waɗannan aka tattara littafinsa na farko a 1928. Bayansu ya rubuta tarihin rayuwarsa, shi ma a wasiƙa a wasiƙa, wanda ya fito a 1929 da sunan An tOileánach, wato “Mutumin Tsibiri”. Flower ne ya fassara shi zuwa Ingilishi.

Wanda ya karanta littafin nan abin da zai fara ba shi mamaki shi ne taurin zuciyar marubucin. Yakan ɓata shafuka yana bayanin farautar wata dabbar teku mai kitse a cikin kogo, ko yadda aka yi rububin kayan jirgin da ya fashe, ko yadda matan tsibirin suka kori masu karɓar kuɗin haya da jifa. Amma mutuwar 'ya'yansa, ɗaya ya faɗo daga kan dutse, wani ruwa ya ci shi a 1909 wajen ceton wata baƙuwa, wasu cututtukan yara suka ɗauke, duk a 'yan layuka yake ambatarsu ya wuce. Wasu manazarta sun ɗauki wannan a kan rashin tausayi. Wannan kuskure ne. Tomás magini ne, da hannunsa ya gina gidansa, kuma yadda yake jera dutse ba laka haka yake jera kalma. Ga kuma al'adar jama'ar da ke ganin kunya ce namiji ya baje baƙin cikinsa a bainar jama'a, al'adar da ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Gajartar maganar ita ce ke nuna nauyinta.

Sai dai abin da aka buga a 1929 ba shi ne duk abin da Tomás ya rubuta ba. Takardun sun faɗa hannun wani malami kuma marubuci, Pádraig Ó Siochfhradha, wanda ya shirya su don bugawa. Ƙasar ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, a 1922 ne, kuma sabuwar gwamnati tana bukatar littattafan Gelik don makarantu, tana kuma bukatar a nuna wa duniya cewa talakan karkara mai harshen gado mutum ne kamili, mai ibada, mai haƙuri. Saboda haka editan ya tsame wuraren da ya ga sun yi ɗanye, musamman na wasan samari da 'yammata, ya kuma roƙi marubucin ya sake ƙarshen littafin don ya yi armashi. A wannan sabon ƙarshe ne Tomás ya yi bankwana da zamaninsa cikin kalmomin da suka fi duk sauran littafin shahara. Ke nan wurin da aka fi yabo ma roƙonsa aka yi. An sake fitar da littafin a 1973, amma sai a 2002, shekara 65 bayan mutuwar Tomás, Farfesa Seán Ó Coileáin ya buga shi cikakke daga ainihin rubutun hannun. Mutumin da ya bayyana a ciki ya fi na 1929 barkwanci, ya fi shi son duniya, ya kuma fi shi kama da ɗan'adam.

Littafi na biyu na saurayi ne. Muiris Ó Súilleabháin an haife shi a 1904, uwarsa ta mutu yana jariri, aka rene shi a gidan marayu a Dingle, ya komo tsibirin yana ɗan shekara bakwai ba ya jin komai sai Ingilishi. A bakin kakansa ya koyi Gelik. A 1923 wani ɗalibin harshen Girka daga Jami'ar Kambirij mai suna George Thomson ya zo, suka ƙulla abota. Thomson ne ya hana shi bin 'yan'uwansa zuwa Amurka, ya shawo kansa ya shiga aikin ɗan sanda a 1927, shi ne kuma ya zuga shi ya rubuta labarin ƙuruciyarsa. Littafin, Fiche Blian ag Fás, wato “Shekara Ashirin Ana Girma”, ya fito a 1933 da Gelik da kuma Ingilishi, tare da gabatarwar mashahurin marubucin Ingila E. M. Forster, ya kuma bazu cikin harsuna da dama. Cike yake da raha da farautar tsuntsaye da raye-rayen dandali, kamar ba tsibirin da Tomás ya binne 'ya'yansa ba. Dalili kuwa a fili yake, a barikin 'yan sanda aka rubuta shi, nesa da gida, kuma wanda ya bar gida daɗinsa yake tunawa. Muiris ya nutse a ruwa yana wanka a 1950. Thomson kuwa ya zama farfesan Girkanci a Birmingham, ya kuma sha faɗa cewa zaman da ya yi da mutanen Blasket ne ya buɗe masa ido ya gane yadda waƙoƙin Homer suka rayu a baki kafin a rubuta su. Ba a nan kaɗai irin wannan ta faru ba. A cikin wannan shekara ta 1933 ne Dokta R. M. East ya zaga yana zuga malamai a Nijeriya ta Arewa su shiga gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Baƙo mai zuga, da hukuma mai neman littafin makaranta, da ɗan ƙasa mai baiwa, ƙafafun murhu uku ke nan a can da nan.

A littafi na uku ne matsalar murya ta fi tsanani. Peig Sayers ba haifaffiyar tsibirin ba ce, aure ya kai ta a 1892 daga Dún Chaoin. Ta gaji tatsuniya daga mahaifinta, ta kuma zama gwanar da ba a yi kamarta ba a yankin, har ma'aikacin hukumar tattara adabin baka ta ƙasar, wadda aka kafa a 1935, ya ɗauki labarai fiye da 300 daga bakinta. To amma ba ta iya rubuta Gelik ba. Ita ta faɗa, ɗanta ya rubuta, wata malama daga Dablin mai suna Máire Ní Chinnéide ta tace, sannan littafin ya fito a 1936 da sunanta, Peig. Hannu uku ke nan kafin a zo ga mai karatu. Za a iya kwatanta shi da labarin Baba ta Karo wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau, sai dai shi da Ingilishi ya fara fitowa a 1954, na Peig kuwa da harshen mai shi.

Hannu na huɗu shi ya yi ɓarna. An sake rage littafin aka sa shi cikin manhajar jarrabawar ƙarshe ta sakandare, ya yi shekaru da dama a ciki har zuwa shekarun 1990. Yaran birni 'yan shekara goma sha bakwai, waɗanda Gelik ɗinsu na aji ne, aka tilasta musu haddace labarin wata tsohuwa mai lissafa mutuwar miji da ta 'ya'ya da tafiyar sauran Amurka. Sakamakon haka sunan Peig ya zama abin ba'a, ya zama lakabin duk abin da ɗalibi ya tsana game da darasin harshen. Alhali waɗanda suka zauna da ita, da kuma muryarta da aka ɗauka a na'ura kafin ta mutu a 1958, duk sun nuna mace ce mai ban dariya, mai kaifin baki, wadda ke iya riƙe ɗaki guda da labari har dare ya raba. Gwanintarta a murya take, da ɗaga hannu, da sanin inda za a yi shiru. Takarda ba ta ɗaukar waɗannan, jarrabawa kuwa ba ta tambayarsu. Tun a 1941 ma wani marubuci mai barkwanci, Brian O'Nolan, ya fitar da An Béal Bocht, wato “Bakin Talauci”, inda ya yi wa irin waɗannan littattafai shaguɓe, da su da baƙin da ke auna ingancin harshe da yawan tsummokaran mai magana. Shi kansa yana girmama littafin Tomás ƙwarai. Masu sayar da talaucin ne bai ƙyale ba.

Kada a ɗauka daga wannan bayani cewa baƙin sun ƙaga adabin ne suka liƙa wa mutanen. Masana da yawa sun je wasu lungunan ƙasar da takarda da tawada ba su samo komai ba. Ba kuma za a ce ba su taɓa shi ba. Su suka kawo siffar littafin, wato mutum ya ɗauki kansa ya mai da shi jigon labari tun daga haihuwa har tsufa, abin da mai tatsuniya bai saba yi ba. Su suka zaɓi wanda zai yi magana, editoci kuma suka zaɓi abin da za a ji. Harshen da azancin da idon da ya ga abubuwan, waɗannan na masu tsibirin ne. Mai nazari na gaskiya shi ne wanda zai nemi rubutun hannun, ya aza shi kusa da bugaggen littafin, ya ga abin da aka cire da wanda ya cire da kuma dalilinsa. An iya yin haka ga Tomás ne kawai don an adana takardunsa a ɗakin karatu na ƙasa a Dablin. Inda aka yar da rubutun asali bayan bugu, wannan ƙofa ta rufe har abada.

A daidai shekarun da littattafan ke yawo a duniya, tsibirin yana ta zubewa. Kasuwar kifi ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Farko. Samari da 'yammata suka yi ta tafiya Amurka, galibi garin Springfield, kowane ya sami aiki sai ya aiko wa ƙanensa kuɗin jirgi. 'Yammatan tsallake suka daina yarda su yi aure a tsibirin. Kwalekwale kuwa ba ya tafiya sai da majiya ƙarfi uku ko huɗu, saboda haka kowane saurayi da ya tafi ya rage wa tsofaffi hanyar zuwa kasuwa da coci. An rufe makarantar a 1941 don yara sun ƙare. Peig ta koma tsallake a 1942. Cikin Janairun 1947 wani saurayi ya kamu da sanƙarau, iska ta hana ƙetarewa, wayar sadarwa ta lalace, ya mutu ba likita, gawarsa ta yi kwanaki ba a sami kai ta makabarta ba. Cikin Afrilun wannan shekara mutanen suka buga wa Firayim Minista Éamon de Valera waya suna neman abinci. Ya aika, ya kuma zo da kansa cikin Yuli. Shi mutum ne da ya gina siyasarsa a kan farfaɗo da Gelik, ga shi tsaye gaban mutanen da suka fi kowa iya harshen, abin da suke roƙonsa kuwa shi ne a fitar da su. Sai da aka ƙara shekara shida kafin a yi.

Ɗan Tomás, Seán, ya rubuta labarin watsewar a wani littafi da ya fito a 1969. Matarsa Eibhlís ita ma ta bar wasiƙun da ta yi shekara ashirin tana aika wa wani Bature a Landan, an buga su a 1978, kuma da Ingilishi ta rubuta su. An gina cibiyar tarihin tsibirin a Dún Chaoin a farkon shekarun 1990, gwamnati kuma ta sayi mafi yawan filayensa a 2009, ta gyara gidan da Tomás ya gina. Da bazara, in ruwa ya kwanta, jiragen ruwa kan kai masu ziyara su zaga kangayen ƙauyen, da yawansu jikokin waɗanda suka tafi Springfield ne, suna riƙe da fassarar Ingilishi ta littattafan kakanninsu. Da kaka ta yi sai jiragen su daina zuwa, a bar tudun ga tumaki da zomaye har wata shekara.